Giɓi a zubin inshorar ƙasa a Birtaniya: JSA yanzu, jiran Janairu, ko Universal Credit?

Wanda aiki ya kuɓuce masa a Ingila, Sikotland ko Wales yana da manyan ƙofofi biyu da zai ƙwanƙwasa a Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP. Ta farko tallafin New Style Jobseeker's Allowance ne, wanda ake taƙaitawa da JSA. Shi tamkar adashe yake: sai wanda ya yi zubi yake kwasa, zubin kuwa shi ne kuɗin inshorar ƙasa da ake cira daga albashi. Ta biyu Universal Credit, wanda ba ruwansa da ko ka taɓa yin zubi. Abin da yake dubawa aljihunka ne, da na matarka ko mijinki.

Wanda ya shekara uku yana aiki bai yanke ba, ba shi da abin dogon lissafi. Magana tana kan wanda tarihin zubinsa ke da giɓi: matar da ta tafi haihuwa, wanda ya yi doguwar jinya, wanda ya koma gida Kano ko Damagaram ya yi watanni, wanda ya taɓa sana'ar kansa, ko wanda bai daɗe da shigowa ƙasar ba. Da yawa cikin irin waɗannan sukan haƙura da JSA tun kafin su duba, wasu kuma su nema a ranar da bai kamata ba. Giɓi shi kaɗai ba ya hana kowa JSA. Abin da ke yanke hukunci shi ne shekarar da giɓin ya faɗa, da abin da ya cike shi, da ranar da aka miƙa buƙata.

Waɗanne shekaru ake dubawa

Ba watannin da suka gabaci korarka ake dubawa ba, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai kalanda biyu. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun baɗi. Shekarar tallafi kuwa tana farawa ranar Lahadi ta farko a watan Janairu. Doka ta ce a ɗauki cikakkun shekarun haraji biyu da suka ƙare kafin shekarar tallafin da ka nema a cikinta ta kama.

Wanda ya nema tsakanin 5 ga Janairu 2025 da 3 ga Janairu 2026, shekarunsa su ne 2022/23 da 2023/24. Daga 4 ga Janairu 2026 sai su koma 2023/24 da 2024/25. Daga 3 ga Janairu 2027 kuma 2024/25 da 2025/26. Ke nan wanda ya nema a Disamba 2025, duk aikin da ya yi daga 6 ga Afrilu 2024 zuwa ranar da aka sallame shi, wata ashirin cur, ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Abin da ciwo, amma haka tsarin yake.

Sharuɗɗa biyu, kowanne da ma'auninsa

Duk lissafin ya ta'allaƙa ne a kan wani adadi na albashin mako da takardun hukuma ke kira Lower Earnings Limit. Bari mu kira shi layin ƙasa. Fam 123 ne a mako a shekarun 2022/23, 2023/24 da 2024/25, ko fam 533 ga mai albashin wata. A 2025/26 ya koma fam 125.

Sharaɗi na farko yana neman zubin gaske na rukuni na 1, wato na ma'aikacin da ke ƙarƙashin wani, a cikin ɗaya daga shekarun biyu, a kan albashin da ya kai layin ƙasa sau 26. Fam 123 sau 26 ya kama fam 3,198. Sai dai a wannan sharaɗi duk abin da ya haura layin a kowane mako ba a ƙirga shi. Mai ɗaukar fam 900 a mako da mai ɗaukar fam 130 daidai suke, kowa fam 123 za a rubuta masa. Saboda haka ainihin abin da ake nema mako 26 ne na aiki, ko albashin wata shida. Ba lallai makonnin su zo a jere ba, amma dole su taru cikin shekarar haraji guda. Mako 20 a bara da mako 20 a bana ba sa haɗuwa su zama 40.

Sharaɗi na biyu ya fi faɗi, kuma ya fi sassauci. Yana neman layin ƙasa sau 50 a kowace ɗaya daga shekarun biyu, wato fam 6,150 a kowacce. A nan ana ƙirga albashin gaba ɗaya har zuwa layin sama, fam 967 a mako. Mai fam 500 a mako zai cika shekara da aikin mako 13. Mai fam 250 yana buƙatar mako 25. Sannan ana karɓar kiredit, wato makon da gwamnati ta rubuta maka kamar ka yi zubi alhali ba ka yi ba, kowane mako a matsayin layin ƙasa guda.

Wannan bambanci shi ke sa mai giɓin wata takwas ya wuce, mai giɓin wata bakwai ya faɗi. A ɗauki direban da ya yi aikin mako 20 a kan fam 600 a kowace shekara. Ya tara fam 12,000 a kowacce, ya ninka abin da sharaɗi na biyu ke nema kusan sau biyu, amma bai kai mako 26 a ko ɗaya ba, don haka babu JSA. A ɗauki kuma wadda ta yi shekara guda cikakkiya, a ɗaya shekarar kuma ta yi mako 16 kacal a kan fam 400. Fam 6,400 ke nan, ta haye.

Akwai wani sauƙi da ba kowa ya sani ba. Ba a fara cire kuɗin inshora daga albashi sai ya wuce fam 242 a mako, amma wanda albashinsa ke tsakanin layin ƙasa da fam 242 ana ɗaukarsa kamar ya biya. Ɗalibin da ya yi awa 20 a mako a 2023/24 a kan mafi ƙarancin albashi na lokacin ga mai shekara 23 zuwa sama, fam 10.42 a awa, yana samun fam 208.40. Ko kwabo ba a cire masa ba, amma makonninsa duk sun shiga, kuma mako 30 sun ishe shi cika fam 6,150. Ba zai iya karɓar JSA yana cikakken karatu ba, amma bayan ya gama, wannan aikin na gefe zai iya zama abin da ya cece shi.

Akasin haka shi ne mai aiki biyu ƙanana. Kowane aiki daban ake auna shi. Wadda ke samun fam 110 a gidan kula da tsofaffi da wani fam 110 a kamfanin shara tana shiga gida da fam 220 a mako, amma a rajistar inshora babu komai, domin ko ɗaya bai taɓa layi ba. Haka ma ma'aikacin kamfanin ɗaukar 'yan ƙwadago da ake biya mako-mako: makon da ya samu fam 120 ya tafi a banza, ba a haɗa shi da na gaba.

Abin da ke cike giɓi da abin da ba ya cikewa

Kiredit iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya sa mutane da dama sun yi zaton rajistarsu lafiya take. Na rukuni na 1 yana taimakawa wajen sharaɗi na biyu na JSA. Na rukuni na 3 fanshon tsufa kawai yake ginawa.

Kiredit na rukuni na 1 yana zuwa da kansa ga mai karɓar JSA, mai karɓar tallafin rashin lafiya na ESA, mai karɓar Carer's Allowance saboda kula da naƙasasshe ko marar lafiya, da mai karɓar tallafin haihuwa na gwamnati, Maternity Allowance. Na rukuni na 3 shi ake bai wa mai karɓar kuɗin yara na Child Benefit idan yaron bai kai shekara 12 ba, da mai Carer's Credit, wato kiredit na mai kula da wani, da kuma, abin da ya fi cizon mutane, mai karɓar Universal Credit. Uwar da ta zauna gida shekara biyu tana renon yara fanshonta na tafiya daidai, amma ga JSA shekarun nan biyu fanko ne.

Hutun haihuwa da jinya suna buƙatar a duba su da kyau. Kuɗin haihuwa da mai aiki ke biya bisa doka albashi ne a idon hukumar haraji, kuma fam 172.48 na 2023/24 da fam 184.03 na 2024/25 duk sun haura layin ƙasa, don haka makonnin suna shiga kamar na aiki. Makonnin ƙarshe na hutun da ba a biyan komai su ne giɓi. Kuɗin jinya na doka kuwa bai kai layi ba: fam 109.40 a 2023/24, fam 116.75 a 2024/25. Wanda ya yi wata biyar a kan wannan kuɗi kaɗai yana ganin takardar albashi duk wata, yana zaton zubi na tafiya, alhali ba ya tafiya. Akwai kiredit na rukuni na 1 da ya cancanta, amma ba ya zuwa da kansa, sai ya rubuta wa hukumar haraji ta HMRC ya nema. Haka ma wanda ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci a kotu.

Sana'ar kai ba ta gina JSA. Zubin rukuni na 2 da na 4 da mai tasi, mai kai saƙo a babur ko magini mai zaman kansa ke yi ba ya shiga, in ban da wasu tsirarun masunta masu raba riba da ma'aikatan sa-kai a ƙasashen waje. Aikin da ake biya a hannu ba tare da takarda ba, ba sai an faɗa ba.

Sai zubin ganin dama, na rukuni na 3, wanda ake saya a kan fam 17.75 a kowane mako a 2025/26. Kada kowa ya saye shi don JSA. Yana da amfaninsa ga fansho, amma ko shekara goma mutum ya saya ba zai motsa JSA da taku ɗaya ba. Giɓin JSA ba a toshe shi da kuɗi daga baya.

Aiki a wata ƙasa ya danganta da ƙasar. Zubin da aka yi a ƙasashen Tarayyar Turai ana iya haɗa shi a wasu yanayi, da takardar shaida mai suna U1, galibi idan mutum ya sake yin aiki a Birtaniya bayan dawowarsa. Aikin da aka yi a Najeriya, Nijar ko Gana ba ya shiga, domin babu irin wannan yarjejeniya tsakaninsu da Birtaniya.

Akwai kuma ƙa'idar haɗa lokuta, wadda kan mayar da lissafi baya. Wanda ya bar aiki ya shekara huɗu yana karɓar Carer's Allowance yana da kiredit cike, amma ba shi da zubin gaske a shekarun baya-bayan nan, don haka a zahiri ya faɗi sharaɗi na farko. To idan ya nemi JSA cikin mako 12 da ƙarewar wancan tallafi, ana iya ɗaukar shekarun da suka gabaci fara jinyar, lokacin da yake aiki. Wanda ya yi jinkiri ya wuce mako 12, wataƙila saboda zaman makoki bayan wanda yake jinya ya rasu, wannan dama ta wuce shi. Irin wannan haɗi yana aiki ga lokacin Maternity Allowance da lokacin da hukuma ta amince mutum ba ya iya aiki saboda rashin lafiya.

A nema yanzu ko a jira Janairu

Ga wanda ya rasa aiki a watan Mayu, wannan tambaya ba ta da nauyi, Janairu ya yi nisa. Ga na Nuwamba da Disamba kuwa ita ce babbar tambaya.

A ɗauki matar da ta biyo mijinta Birtaniya ta fara aiki a farkon Nuwamba 2023 a kan fam 400 a mako. Kafin 5 ga Afrilu 2024 ta yi kusan mako 22, fam 8,800, don haka 2023/24 ta cika. Ta yi 2024/25 gaba ɗaya. Aka sallame ta a farkon Disamba 2025. Idan ta nema nan take, za a duba 2022/23, shekarar da ba ta ma shigo ƙasar ba, a ƙi ta. Idan ta haƙura zuwa 4 ga Janairu 2026, shekarar fankon ta fita daga lissafi. Jiran mako huɗu ya buɗe mata mako 26 na fam 92.05, kusan fam 2,400.

A juya labarin. Mutum ya yi 2022/23 da 2023/24 cikakku, ya yi mako 8 a kan fam 450 a farkon 2024/25, fam 3,600, sannan ya tafi gida ya daɗe. Ya dawo ya sami aiki a tsakiyar 2025, aikin ya ƙare 15 ga Disamba. Wannan dole ya nema kafin 4 ga Janairu. Idan ya ce bari hutun Kirsimeti ya wuce tukuna, ya shigar da shekarar da ba ta cika ba cikin lissafinsa da hannunsa. Mayar da ranar buƙata baya ba abin dogaro ba ne: iyakarsa wata uku, kuma sai da ɗaya daga cikin 'yan dalilan da doka ta jera, rashin sani ba ya cikinsu.

Wani zai ce, me zai hana a nema a Disamba, in an ƙi a sake a Janairu? A nan gizo ke saƙar. Shekarar tallafin da ake amfani da ita ita ce wadda lokacin neman aikinka ya fara a cikinta, ba ta ranar takarda ta biyu ba. Lokuta biyu da tazararsu ba ta wuce mako 12 ba ana ɗaukarsu abu guda. Wanda ya nema a Disamba aka ƙi shi, ya ci gaba da zuwa Jobcentre, wato ofishin DWP na masu neman aiki, yana sa hannu don kiredit, sannan ya sake nema a Janairu, zai iya tarar da tsofaffin shekarun suna jiransa, sai ya yanke sama da mako 12 kafin a koma sababbin. Don haka a duba rajista kafin a danna komai.

JSA da Universal Credit gefe da gefe

A kuɗin 2025/26, JSA fam 92.05 ne a mako ga mai shekara 25 zuwa sama, fam 72.90 ga wanda bai kai ba. Ana biya duk mako biyu, bayan kwana bakwai na farko da ba a biya, kuma iyakarsa kwana 182. Ba ya ƙaruwa saboda yara, ba ya biyan haya, kuma yana cikin kuɗin da ake lissafa wa haraji. Ƙarfinsa yana wani wuri: ba ya duba ajiyarka, ba ya duba albashin abokin zamanka, kuma kuɗin sallama daga aiki ba ya taɓa shi. Abu biyu ke rage shi. Fanshon aiki ko na ƙashin kai da ya wuce fam 50 a mako, ana cire rarar fam da fam. Ɗan aikin da bai kai awa 16 a mako ba, ana barin fam 5 na farko a cire sauran. Awa 16 zuwa sama kuwa tana rufe JSA gaba ɗaya.

Universal Credit wata-wata ake biya, na farko bayan kusan mako biyar. A kuɗin 2025/26, tushensa fam 400.14 ne ga mutum ɗaya mai shekara 25 zuwa sama, fam 628.10 ga ma'aurata, sannan a ɗora na yara da na haya. Ba shi da wa'adin wata shida. Amma ma'aurata tare suke nema, kuma albashin wanda ke aiki yana rage shi da kwabo 55 a kowane fam, bayan ɗan abin da ake yafe wa masu yara ko masu lalura. Ajiyar da ta wuce fam 16,000 tana hana shi ɗungurungum. Tsakanin fam 6,000 da 16,000 ana cire fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250, wato mai fam 10,000 zai rasa fam 69.60. Kuɗin sallama ajiya ne a wannan lissafi. Haka ma dukiyar da ke wajen Birtaniya: fili a Kaduna ko gidan haya a Maraɗi dole a bayyana shi, kuma ana ƙirga darajarsa.

Ana iya karɓar su biyun tare, sai dai ba ninki ake samu ba. Ana mayar da JSA lissafin wata, a kuɗin 2025/26 fam 92.05 sau 52 a raba 12, wato fam 398.88, a cire shi duka daga Universal Credit. Ga gwauron da ba shi da haya, abin da zai rage daga Universal Credit fam 1.26 ne. Shi ya sa mutane ke cewa wahalar banza ce a nemi biyun. A ganinmu kuskure ne, musamman ga mai giɓi. JSA yana ba da kiredit na rukuni na 1, Universal Credit na rukuni na 3. Wata shida a kan JSA mako 26 ne na layin ƙasa, fiye da rabin abin da sharaɗi na biyu ke nema a shekara. Wanda ya zauna a kan Universal Credit kaɗai yana haƙa sabon giɓi ne da zai tarar bayan shekara biyu idan aiki ya sake yankewa ko ciwo ya kama shi. Ga kuma cewa JSA yana shigowa tun kafin mako biyar ɗin su cika, kuma ba ya tsayawa a watan da miji ya yi aikin ƙarin lokaci albashinsa ya cinye Universal Credit.

Wanda matarsa ke da albashi mai kyau, ko mai ajiya sama da fam 16,000, JSA ne kaɗai kuɗin da ke gabansa, don haka lissafin Janairu ya fi shafarsa, kuma idan Janairu ne zai gyara masa shekarunsa, jira ba ya sa shi asarar komai. Mai haya da yara da ƙaramar ajiya kuwa ya nemi Universal Credit ba tare da jiran komai ba, ya ƙara da JSA a ranar da shekarunsa suka yi daidai. Abu ɗaya zai lura: albashin ƙarshe da kuɗin hutun da bai ci ba, idan suka shigo bayan ya buɗe buƙata, za su rage masa biyan watan farko. Sau da yawa ya fi a bari su shigo, washegari a nema.

Ga masu biza mai sharaɗin hana taɓa kuɗin jama'a, zaɓin ma bai taso ba. Universal Credit yana cikin jerin kuɗin da aka hana, kuma karɓarsa saɓa ƙa'idar biza ne da kan iya ɓata neman sabuntawa ko zaman dindindin. JSA ba ya cikin jerin, domin zubinka ne. Matar ko mijin mai bizar aiki, mai bizar aure, da mai bizar bayan kammala karatu, duk suna iya nema idan sun cika sharuɗɗa biyun kuma suna da izinin aiki. Wanda bizarsa ke ɗaure da kamfanin da ya ɗauko shi yana da matsalar da ta fi wannan gaggawa, domin Ma'aikatar Cikin Gida takan rage wa'adin zamansa zuwa kwana 60, sai ya fara da wannan.

Idan babu JSA, babu Universal Credit

Saura ƙofa biyu ƙanana. Wanda ba shi da aiki kuma yana nema zai iya yin rajista a Jobcentre don kiredit kaɗai. Ba a biyan ko sisi, kuma dole ya nuna yana neman aiki kamar mai karɓar kuɗi, amma makonnin na rukuni na 1 ne. Ya dace da wanda sabuwar shekarar tallafi ba za ta gyara masa komai ba. Wanda ke jiran Janairu mai zuwa ya yi hattara da shi saboda ƙa'idar mako 12. A kuma tuna kiredit ba ya cika sharaɗi na farko har abada, dole wata rana a sami mako 26 na aikin gaske.

Ta biyu ga wanda ciwo ne ya raba shi da aiki. New Style ESA yana amfani da shekaru biyu da ma'aunin 26 da 50 iri ɗaya, amma yana karɓar zubin rukuni na 2. Mai sana'ar kansa da JSA ya rufe wa ƙofa zai iya samun ESA idan likita ya ba shi takardar rashin iya aiki. Ba hanyar zagaye ba ce ga mai lafiya, akwai gwaji.

Wanda kuma ya bar aiki da kansa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi kan laifi, zai iya cika sharuɗɗan zubi duka a dakatar masa da biya na mako 13, kuma waɗannan makonni suna cin kwana 182 ɗinsa. Wanda ya cinye kwanakin gaba ɗaya ba ya sake samu sai ya yi tazarar sama da mako 12, kuma aƙalla ɗaya daga shekarun da za a duba ta zama sabuwa.

Yadda ake duba rajista, da inda take yaudara

Ana ganin tarihin zubi a asusun haraji na shafin gwamnati ko a manhajar HMRC. Sai dai shafin don fansho aka gina shi. Idan ya ce shekara ta cika, yana nufin ta kai layin ƙasa sau 52, fam 6,396 a shekarun da layin yake fam 123, da kowane irin zubi ko kiredit. Shekarar da Child Benefit ya cike za ta nuna cikakkiya alhali ba ta da amfani ga JSA. Shekarar da aka tara fam 6,200 kuwa za ta nuna ba ta cika ba, alhali ta wuce fam 6,150 da JSA ke nema. A buɗe bayanin kowace shekara a ga daga ina cikon ya fito.

Takardar P60, wadda mai aiki ke bayarwa kafin ƙarshen Mayu, ta fi nuna gaskiya. A sashen inshora akwai gurbin albashi a daidai layin ƙasa. Idan adadin da ke wurin ya kai fam 3,198 a shekarar da layin yake fam 123, sharaɗi na farko ya cika a wannan shekara. A haɗa shi da gurabe biyu na gaba, na tsakanin layin ƙasa da fam 242 da na tsakanin fam 242 da layin sama, jimillar ita ake aunawa da fam 6,150. P60 tana nuna aikin da mutum ke kai a ranar 5 ga Afrilu ne kawai. Wanda ya sauya aiki cikin shekara sai ya koma ga takardun albashin tsohon wurin, ya ƙirga makonnin da suka kai layi ɗaya bayan ɗaya.

Idan DWP ta ƙi, wasiƙar takan faɗi shekarun da ta duba. A fara da tabbatar da cewa su ne daidai, musamman idan akwai lokacin jinya ko kula da wani da ya kamata ya mayar da lissafi baya, domin ba kullum ake lura da shi ba sai an nuna. Akwai wata ɗaya daga ranar wasiƙar don neman a sake duba hukuncin, sannan wata ɗaya bayan amsar don ɗaukaka ƙara zuwa kotun tallafi mai zaman kanta. Ofisoshin ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice suna taimakawa kyauta. Idan kuwa gardamar a kan adadin zubin ne, ba DWP ke da ta cewa ba, HMRC ce, kuma sai ta gyara rajista kafin hukuncin JSA ya sauya.

Yakan faru mai aiki ya cire kuɗin inshora daga albashi bai miƙa wa hukuma ba, ko ya rubuta shi a kan lambar inshorar da ba taka ba, abin da ya fi samun waɗanda suka fara aiki kafin lambarsu ta fito, ko waɗanda aka rubuta sunansu iri biyu, Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar albashi. Doka ta yarda a ɗauki irin wannan zubi kamar an biya, muddin ba da saninka ko sakacinka aka yi ba. Abin da HMRC za ta nema shi ne takardun albashi masu nuna cirewar, P60 ko P45 da ake bayarwa idan an bar aiki, da bayanan banki da suka yi daidai da ranakun biya. A aika kwafi, a riƙe na asali, kuma a ci gaba da zuwa Jobcentre ana sa hannu yayin da ake jiran gyaran, domin makonnin da aka daina zuwa ba za a biya su ba ko da an ci nasara daga baya.